Yadda abin shan direbobin Tailan ya zama Red Bull

A shekarar 1982 wani ɗan Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya je Tailan kan aikinsa na tallan man goge baki. Can ya ci karo da Krating Daeng, wani abin sha mai zaƙi a 'yar kwalba, wanda direbobin manyan motoci da leburori ke sha don korar barci. Ya sha, gajiyar jirgi ta sake shi.

Turawa nawa ne suka wuce wannan kwalba a kanti ba su ko waiwaya ba? Shi kuwa sai ya nemi mai ita, Chaleo Yoovidhya. A 1984 suka kafa kamfani, kowanne ya zuba dala 500,000 ya riƙe kashi 49 cikin ɗari, ragowar kashi biyu na ɗan Chaleo.

Abin da ya fi burge ni shi ne Mateschitz bai kwaso kayan yadda ya same shi ba. Ya san harshen Bature daban yake, don haka ya rage zaƙin, ya sa masa gas, ya zuba shi a siririn gwangwani. Sunan Red Bull ma fassara ce: Krating Daeng na nufin jan bijimin daji. Sannan ya sauya masu saye. A Tailan kayan talaka ne mai araha. A Turai ya tsauwala kuɗinsa, ya nufi matasa da 'yan wasanni.

Red Bull ya shiga kasuwar Ostiriya a 1987. Har yau ana sayar da Krating Daeng a Tailan, a 'yar kwalbarsa, babu gas.