Gyare A Matsayin Abincin Damo Da Hawainiya

Jama'a, da yawa daga cikinmu mun san cewa daga Gana, Togo da Benin ana fitar da damo zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonsa a gida cikin akwatin gilashi, haka ma hawainiya da wasu ƙadangaru. Babban abincin da ake saya musu a can shi ne gyare, wanda ake kiwo a gonaki na musamman.

To, shin gyare ya wadatar? Ta fuskar furotin, wato sinadarin gina jiki, ba shi da laifi: kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin ɗanyen gyare furotin ne. Matsalarsa ita ce ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Fosfaras ɗin da ke jikinsa ya ninka kalsiyam sau da yawa, alhali waɗannan dabbobi suna bukatar kalsiyam ya rinjayi fosfaras. Dabbar da ta dogara ga gyare zalla, ƙasusuwanta sukan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace.

Saboda haka masu kiwo sukan ciyar da gyaren da ganye da abinci mai kalsiyam kwana 1 ko 2 kafin a miƙa shi, sannan su barbaɗa masa garin kalsiyam. Dabbar kuma tana bukatar hasken rana ko fitila ta musamman, domin jikinta ya samar da bitamin D3. In babu shi, kalsiyam ba zai shiga ƙashi ba.

Damo sarkin haƙuri ne, ba ya kuka. Duk wanda ya tsare shi, haƙƙin ciyar da shi daidai yana wuyansa.