Me ya sa imel ɗin ƙungiyarku ke faɗawa kwandon shara? Ga yadda ake buga ma shi hatimi

Sakataren wata ƙungiyar manoman aya a jahar Maradi ne ya kawo mana kuka. Bayan an kwashe amfanin gona, ya zauna ya aika ma masu saye sama da ɗari biyu imel, ya sanar da su farashi da yawan buhunan da ke ajiye. Sati biyu shiru. Da ya gaji ya buga ma ɗaya daga cikinsu waya, mutumin ya duba, sai ga saƙon kwance cikin akwatin da ake ce ma Spam, wato kwandon shara na imel, inda ba kowa ke leƙawa ba. Kafin nan mutumin ya riga ya sayi kayansa a wani wurin.

Matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai. Masu albasar Galmi, masu kilishi, dukawan Damagaram, ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa, har da ƙungiyoyin ƴan gari da ke tara gudummawa daga Abijan, Kwatano ko Faransa, duk wanda ke aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa yana iya gamuwa da ita. Maganinta shi ne ƙungiya ta mallaki sunanta a intanet, ta kuma buga ma saƙonninta shaidar da ke nuna daga gare ta suka fito. Bari mu bi abin daki-daki.

Mene ne domen?

Ku dubi kowane adireshin imel, za ku ga alamar @ a tsakiya. Abin da ke bayan alamar shi ake ce ma domen. In adireshinku ya ƙare da gmail.com, to gidan na kamfanin Google ne, ku ɗaki aka ara maku. In ya ƙare da sunan ƙungiyarku, misali sakatare@sunanku.ne, to gidan naku ne. Wutsiyar .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya, .fr ta Faransa, ita kuwa .com kowa na iya saye.

Ɗakin aro ba laifi ba ne in gaisuwa ce tsakanin dangi. Amma ga talla yana da iyaka. Gmail na kyauta ba ya barin mutum ya wuce saƙo 500 a rana. Shi ya sa masu kasuwanci ke komawa ga kamfanonin da aikinsu ke nan, aika saƙo da yawa a lokaci guda, irin su Brevo na Faransa ko Mailchimp na Amurka. To a nan ne ake tuntuɓe. In kuka ce ma irin wannan kamfani ya aika saƙo da adireshinku na Yahoo ko na Gmail, saƙon zai fito da sunan gida ɗaya, alhali daga wani gidan ya taso. Tun 2014 Yahoo ya sanar da cewa duk saƙon da ya zo da sunan yahoo.com ba ta hanyarsa ba, a ƙi karɓarsa.

Me ya sa aka tsananta?

Lokacin da aka ƙirƙiro imel, ba a tanadi hanyar tabbatar da mai aikowa ba. Kamar ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayansa. Ƴan damfara sun daɗe suna cin wannan kasuwa: su aika saƙo da sunan banki, ko na wata ƙungiya, su ce an canza lambar asusu, a tura kuɗi can.

Daga watan Fabrairu na 2024, Google da Yahoo suka ɗaure ƙa'ida. A wurin Google, duk mai aika saƙo zuwa Gmail sai ya kasance da aƙalla shaida ɗaya cikin biyu, SPF ko DKIM. Wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuwa, dole ya haɗa uku: SPF, DKIM da DMARC. Microsoft, mai Outlook da Hotmail, ya bi sahu a watan Mayu na 2025. Mun san ƙungiyoyinmu da wuya su kai 5,000 a rana. Amma mai gadin ƙofa ɗaya ne ga babba da yaro, kuma saƙon da ya zo da takardunsa cikakku shi ya fi saurin wucewa.

Shaidu uku

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Alhaji yana da shago a Maradi, yana aika wasiƙu ga abokan cinikinsa a Konni ta hannun direbobin tasha.

SPF shi ne jerin sunayen direbobin da Alhaji ya yarda su ɗauki wasiƙarsa. Ya rubuta ya manna a ƙofar shagonsa. In wasiƙa ta iso, mai karɓa zai duba: wanda ya kawo ta yana cikin jerin? A intanet, direbobin su ne na'urorin da ke tura saƙo, jerin kuma layi ɗaya ne na rubutu. Wanda akwatinsa ke hannun Google Workspace, nasa layin ga shi:

v=spf1 include:_spf.google.com ~all

Ma'anarsa, na'urorin Google na da izinin aika saƙo da sunana, saura kuwa a yi shakkarsu.

DKIM shi ne hatimi, abin da muke ce ma kashe a biro. Sai dai wannan hatimin na lissafi ne, kuma makullansa biyu. Ɗaya na ɓoye a hannun kamfanin da ke aika maku saƙo, da shi yake buga ma kowane saƙo hatimi. Ɗayan kuma ku ne za ku baje shi a fili, don kowa ya gwada ya ga ko hatimin na gaskiya ne. In wani ya taɓa rubutun a hanya, hatimin ba zai ƙara dacewa ba. Wani amfaninsa kuma, in aka karkatar da saƙo daga wannan akwati zuwa wancan, SPF kan faɗi saboda direba ya canza, amma hatimin DKIM galibi yana nan daram.

DMARC shi ne umurnin Alhaji ga masu karɓa: in wasiƙa ta zo da sunana, ba ta hannun direbana ba, ba kuma hatimina, ga abin da za ku yi da ita. Umurnin hawa uku ne. Akwai p=none, wato ku bar ta ta wuce amma ku ba ni labari. Akwai p=quarantine, a jefa ta kwandon shara. Akwai p=reject, a maida ta tun daga bakin ƙofa. DMARC yana kuma duba wani abu mai muhimmanci: sunan da mai karatu ke gani a kan saƙon ya zama shi ne sunan da SPF ko DKIM ya tabbatar. Hatimin wani gida ba ya wanke wasiƙar da ke ɗauke da sunanku.

Ina ake manna waɗannan shaidu? A wani allo da ake ce ma DNS. Kowane domen yana da nasa, kuma wurin da kuka sayi domen ɗin nan za ku same shi. Duk na'urorin imel na duniya can suke zuwa su karanta.

Yadda ake yi

Na farko, ku sayi domen. Ku zaɓi suna gajere, mai sauƙin faɗa a waya. Ku bar haruffa masu ƙugiya: a rubuta k a wurin ƙ, d a wurin ɗ, don kada mai saye a Lome ya rasa yadda zai buga. Mai wutsiyar .com galibi ba ya kai jika 15 na sefa a shekara, amma kuɗin akwatin imel ɗin kansa daban ne. Sau da yawa da katin banki ake biya, kuma a nan ne ɗan uwa da ke waje zai iya taimakawa.

Na biyu, ku buɗe akwati na gaske a ƙarƙashin domen ɗin, wanda wani zai riƙa dubawa kullum. Mai saye in ya ga talla, amsa zai bayar, kada amsarsa ta faɗa rijiya.

Na uku, ku shiga asusunku a kamfanin da zai riƙa aika maku tallan, ku nemi sashen domen, ku rubuta naku. Zai fito maku da layuka biyu, uku ko huɗu, wasu iri ne da ake ce ma TXT, wasu CNAME. Wani kamfanin zai ce ku ƙara shi cikin SPF, wani kuma DKIM da DMARC kaɗai zai nema. Abin da ya ba ku shi za ku bi.

Na huɗu, ku buɗe allon DNS, ku kwafe kowane layi ku manna yadda yake. Kada a buga da hannu. Ɗigo ɗaya in ya ɓace, aikin ya ɓaci.

Na biyar, ku sa DMARC a wurin da ake rubuta _dmarc, ku fara da hawa na ƙasa:

v=DMARC1; p=none; rua=mailto:rahoto@sunanku.ne

Adireshin da ke ƙarshe shi ne inda rahotanni za su riƙa zuwa, masu nuna su wa ke aika saƙo da sunanku.

Na shida, ku jira. Wani lokacin minti kaɗan ne, wani lokacin yakan kai awa 48 kafin labarin ya game duniya. Sa'an nan ku koma wurin kamfanin ku danna maɓallin tabbatarwa.

Na bakwai, ku gwada. Ku aika saƙo zuwa wani adireshin Gmail, a buɗe shi a kwamfuta, a danna ɗigo ukun nan da ke gefe, a zaɓi Afficher l'original. Za ku ga SPF, DKIM da DMARC a jere. In kowane an rubuta PASS a gabansa, to madalla, aiki ya yi.

Inda aka fi zamewa

Layin SPF ɗaya tak domen ke ɗauka. In kuna da na Google, sai kuma wani kamfani ya ba ku nasa, kada ku buɗe na biyu, ku haɗa su cikin layi guda. Biyu in suka zauna tare, dukansu sun lalace. Kuma layin yana da iyaka: ba a yarda ya tura mai bincike tambaya a DNS fiye da sau 10 ba, don haka a cire sunan duk kamfanin da aka daina aiki da shi.

Kada a yi gaggawar hawa p=reject. In akwai wata hanyar da kuke aika saƙo kuka manta ba ku yi mata shaida ba, misali shafinku da ke tura takardar kuɗi ga masu saye, to saƙonku na halal ne za a riƙa korowa. Ku zauna kan p=none na wasu makonni, ku duba rahotanni, sa'an nan ku hau a hankali.

Sabon domen baƙo ne, ba a san halinsa ba. In ya tashi ranar farko da saƙo dubu, za a zarge shi. Ku fara da ƴan kaɗan, mutanen da suka san ku kuma za su buɗe, ku riƙa ƙarawa. Wasu ma sukan ware ma talla ɗakinsa, kamar labari.sunanku.ne, don in talla ya ɓata suna kada ya shafi wasiƙun yau da kullum.

Babbar asara kuwa ita ce ta mallaka. Yaron da ya iya kwamfuta ya sayi domen da sunansa da lambar wayarsa, shekara ta zagayo ya tafi bida, ba mai kalmar sirri, ba wanda ya biya. Domen haya ce ta shekara-shekara, in wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, wani na iya saye, ya gaje sunanku da duk saƙon da za a aiko maku. A rubuta shi da sunan ƙungiya, shugaba da ma'aji su riƙe kalmar sirri, a kuma sa ranar biya cikin littafin taro.

Hatimi ba ya gyara hali

Shaidun nan suna nuna ku ne kuka aiko. Ba su tilasta ma kowa son saƙonku. Google ya ce masu kai ƙarar saƙo a matsayin shara kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Saboda haka kada ku sayi jerin adireshi a hannun kowa, kada ku kwashe na mutanen da ba su taɓa neman labarinku ba. Kowane talla ya kasance da wurin da mutum zai danna ya ce a daina aiko masa, kuma a daina ɗin. Adireshin mutum amana ce: a Nijar akwai hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan jama'a, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma dokar RGPD tana aiki tun watan Mayu na 2018, kuma ta shafi mai tallata kaya ga mutanen can.

Ga ƴan uwa da ke waje kuma, ga tamu shawara. DMARC yana hana ɓarawo amfani da ainihin sunan ƙungiya, amma ba ya hana shi sayen wani suna mai kama da shi, da bambancin harafi ɗaya. In saƙo ya zo maku da sunan ƙungiyar garinku, ana cewa an canza asusu ko lambar da ake tura kuɗin gyaran rijiya, ku karanta abin da ke bayan alamar @ harafi-harafi. Sa'an nan ku buga ma ma'aji waya a lambar da kuka saba, ku ji daga bakinsa kafin ku tura ko dala.

Wanda aikin ya gagara, ya kai wannan bayani ga wani mai ilimin kwamfuta da ya yarda da shi, su zauna tare su yi, kalmar sirri kuma ta koma gida da shi. Masu tambaya su aiko mana ta hanyoyin da suka saba, za mu amsa a cikin shiri. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.