Dalilin da Ya Sa Modem Kan Yanke Kiran Nesa

Kafin zuwan wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, duk mai son aika wasiƙa ta kwamfuta daga yankin Maigatari, Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar, tilas ne ya nemi inda layin NITEL yake, ya haɗa shi da na'urar modem, sa'an nan ya kira wata kwamfuta a Kano ko Ikko. Sau da yawa akan buga lamba, a yi jira, sai kiran ya yanke. Akan ɗora wa layi laifi, alhali wani lokaci gajen haƙurin na'urar ne.

Aikin modem shi ne mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti. Da zarar ta gama buga lamba, sai ta shiga ƙirga daƙiƙoƙi tana sauraron amsar takwararta, wato wani amo mai kaɗawa 2,100 a daƙiƙa. Iyakar jiran yana cikin wata ma'ajiya mai suna S7, wadda masana'antu kan saita tsakanin daƙiƙa 30 da 60. Wannan ya ishi kiran cikin gari. Amma kiran nesa sai ya ratsa tashoshin waya da dama kafin ya isa, bayan haka kuma na'urorin biyu su gwada ingancin layi, su daidaita saurin da za su yi magana. Idan ta tauraron ɗan'adam aka bi, mai nisan kusan kilomita 36,000, kowane sauti zai makara da kimanin rubu'in daƙiƙa. Wa'adi na cika, sai modem ta ajiye waya.

Maganin bai da tsada. Umarnin ATS7=120 kan tsawaita jira zuwa minti biyu. Waƙafi a tsakanin lambobi kan sa ta dakata daƙiƙa biyu. ATX3 kan sa ta buga lamba ko da ba ta gane amon layi ba. Idan layin na da ƙara, akan rage sauri daga 28,800 zuwa 9,600, domin tafiya sannu sannu kwana nesa. Ribar a fili take, tunda duk kiran da aka amsa kafin ya yanke sai an biya kuɗinsa.

Modem ta layin waya ta kau, amma ƙa'idar wa'adi tana nan. A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, na'urar POS ma jiran amsar banki take yi. Idan amsar ta makara, ana iya cire kuɗin mai saye alhali takardar ta nuna ciniki bai yiwu ba. Saboda haka, kafin a sake gwadawa, a fara duba asusu, kuma a adana takardar.