Darasi Na 17: Rabon Mai Jinya

  

A ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, aka yi yaƙin Badar. Akwai sahabin da bai halarta ba, amma aka lissafa shi cikin ma'abuta Badar, shi ne Sayyidina Usmanu ɗan Affan. Matarsa Nana Ruƙayya, ɗiyar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya, sai ya zauna Madina yana jinyarta, har ta rasu kafin runduna ta komo. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya tabbatar masa da ladan wanda ya halarta da kuma rabonsa na ganima. Ku lura da abu biyu nan: lada a wurin Allah, da rabo a hannu. Mu a yau mukan ce wa mai jinya “Allah ya ba da lada”, sai mu manta da rabon.

Wane ne mai jinya a nan Agadas? Ku leƙa babban asibitin jiha, za ku gan su a kan tabarmi, wasu daga Ingal, wasu daga Aderbissinat ko ƙauyukan Ayar. Su ne masu sayo magani, su dafa abinci, su wanke tufafi, su kwana ido biyu. Idan aka ce sai Yamai, su ne za su yi tafiyar fiye da kilomita 900 tare da majinyaci. A cikin gidaje kuwa, daga Sabon Gari har Dagmanet, akwai tsofaffin da hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki, da masu ciwon sukari, da waɗanda tsufa ya rikita musu tunani. Maza da yawa sun tafi neman abinci Arlit ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. Sai nauyin ya faɗa kan mace ɗaya, wani lokaci ma yarinyar da aka cire daga makaranta.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari haka ba. Na farko, malamai sun ce jinyar maras lafiya farilla ce ta kifaya: idan wani ya tsaya da ita, ya sauke wa sauran nauyi, idan kowa ya yi watsi, duk wanda ke da iko ya yi laifi. Ashe ƙanwarka da ke jinyar mahaifiyarku nauyinka take ɗauke maka. Na biyu, a mazhabar Imam Malik ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, kowa gwargwadon wadatarsa. Nisan gari ba ya sauke shi. Na uku, Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa jinya cikin uzurorin barin Juma'a da jam'i, kuma Abdullahi ɗan Umar ya taɓa barin Juma'a ya tafi wurin Sa'idu ɗan Zaidu da ciwo ya tsananta masa. Saboda haka mai jinyar da bai samu zuwa asham ba kada ya yi baƙin ciki, yana cikin ibada. Na huɗu, wanda jinya ta hana shi sana'a har ya talauce, ya halatta a ba shi zakka, matuƙar ciyar da shi ba wajibi ba ne a kan mai bayarwa.

To, yaya za mu ba da rabon? Dangi su raba kwanaki, kowa ya san daren da zai kwana. Wanda ke nesa ya yanke abin da zai riƙa aikowa duk wata, kada sai an roƙe shi. Maƙwabta su kai abin buɗa-baki, su ɗebo ruwa, su karɓi mai jinya awa biyu ta samu barci. Aikin da nauyi: wanda ba ya iya motsi yana bukatar a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada ya yi gyambo, kuma mutum ɗaya ba zai jure wannan dare da rana ba, balle da azumi cikin zafin garinmu. Mai zuwa dubiya ya taƙaita zama, kada ya zama shi ma baƙon da za a yi wa hidima, kuma bayan ya gai da majinyaci ya juya ya tambayi mai jinya abin da take bukata.

Ke kuma 'yar'uwa mai jinya, gajiya ba rashin imani ba ce, neman taimako ba butulci ba ne. Idan kin ji jikinki ya sauya, je ki ga likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya jiƙan magabatanmu.