Faɗaɗa Muƙamuƙin Sama Ta Hanyar Tiyata: Tasirinsa A Kan Haƙora Da Fuska

Muƙamuƙin sama ƙashi biyu ne, na dama da na hagu, waɗanda suka haɗu a tsakiyar ganɗa. Wani mutum yakan tashi da wannan muƙamuƙi a tsuke, har turamen sama su faɗa cikin na ƙasa, haƙora su cushe, tauna ta yi wuya. Muddin yaro yana ƙarami, mahaɗar nan ba ta ƙanƙame ba, saboda haka ana iya buɗa ta da ƙarfe kawai, kamar yadda Emerson Angell, wani likitan haƙori na Amurka, ya bayyana a 1860. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan mutum ya manyanta mahaɗar takan yi tauri, sai an haɗa da tiyata.

Likita yakan tsaga ƙashin ta gefe biyu, a saman saiwoyin haƙora, sa'an nan ya raba tsakiyarsa. Akan ɗaura wa haƙora wani ƙarfe mai noti a tsakiya. Bayan kamar mako guda sai a fara murɗa notin kullum, kowace murɗa tana buɗa kimanin milimita 0.25. Idan an sami faɗin da ake so, sai a bar ƙarfen wata 3 zuwa 6 domin sabon ƙashi ya cike gurbin.

Abu na farko da kan bayyana shi ne wushirya tsakanin haƙoran gaba biyu. Bahaushe na ɗaukarta ado, amma wannan ba mai zama ba ce: haƙoran kan matso da kansu, saura kuma a rufe da waya. Turame kuwa sukan ɗan kwanta waje, kuma wani ɓangare na faɗin kan koma bayan an cire ƙarfen. Shi ya sa wasu likitoci kan buɗa fiye da bukata kaɗan.

Dangane da fuska, buɗewar ta fi yawa a wajen haƙora, tana raguwa yayin da aka doshi hanci. Duk da haka gindin hanci yakan ƙara faɗi kaɗan, hanyar iska ta buɗe, wasu su ji sauƙin numfashi. Kamanni dai ba sa sauyawa ƙwarai. Har ila yau, muddin ƙarfen na manne da ganɗa, furucin sautuka irin su /s/ da /sh/ da /ky/ yakan gurɓata, kafin harshe ya saba.

Aikin yana da haɗari: zubar jini, da mutuwar jiki a leɓe ko ganɗa na ɗan lokaci, da janyewar dasashi. Saboda haka iyayen da suka ga haƙoran ɗansu ba sa hawa daidai, kai shi wurin likita da wuri kan raba shi da wuƙar tiyata.