Faifan Biki Yana Yi a DVD, Kwamfuta Ta Ce Babu Komai: Ina Matsalar Take?

A gidaje da yawa na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi akwai wata dukiya a ƙasan akwati, ƙunshe cikin leda: faifan bidiyo na biki, na saukar karatu, na hawan sallah ko na tarbar alhazai. Masu ɗaukar bidiyo na gari ne suka buga su, aka rubuta sunan sha'anin a bayan faifan da alƙalami. Yanzu da kallo ya koma cikin waya, sai a ɗauki faifan a kai shagon masu turi domin a zuba shi a memori. Mai shago ya saka a kwamfuta, faifai ya yi ta juyawa, can sai allo ya nuna babu komai a ciki. Mai faifai kuwa yana rantsuwa cewa a na'urar DVD ta gida ras yake fitowa.

Dukkansu gaskiya suka faɗa. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, kwamfutar ce ba ta iya karanta shi ba.

Kowane faifai yana da wani sashe da ido ba ya gani, inda aka rubuta sunan kowane fayil, girmansa da wurin da ya fara. Wannan shi ne tsarin jera fayiloli. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ko Windows ce, ko Linux, ko macOS ta kamfanin Apple, sai ta fara karanta wannan sashe kafin ta san akwai bidiyo. Lamarin kamar wasiƙar Hausa ce da aka rubuta da ajami aka miƙa wa wanda boko kaɗai ya sani: saƙo yana nan cikakke, makarancin ne aka samu saɓani da shi.

Tsari mafi tsufa da har yanzu ake amfani da shi shi ne ISO 9660, wanda aka tabbatar a 1988. Kusan kowace manhaja tana gane shi, sai dai a matakinsa na farko yana da ƙunci: sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, sai wasu 3 bayan ɗigo, duk manyan baƙaƙen Turanci ko lambobi. Babu gurbin ƙ, ɗ ko ɓ. A 1995 Microsoft ta yi masa ƙari mai suna Joliet da ke karɓar suna har haruffa 64, masu Unix da Linux kuma suna da nasu, Rock Ridge. Shi ya sa faifai ɗaya kan nuna cikakken suna a wata kwamfuta, a wata kuma sunan ya fito guntule.

Tsofaffin fayafayan biki galibi VCD ne, tsarin da Philips, Sony, JVC da Matsushita suka fitar a 1993. Shi ne ya gaji kaset ɗin bidiyo a kasuwar fina-finan Hausa, daga Ƙofar Wambai a Kano har kasuwannin Zamfara, masu ɗaukar biki ma suka bi sahu. Wanda ya buɗe irin wannan faifai zai ga jaka mai suna MPEGAV, a cikinta akwai AVSEQ01.DAT. Wannan fayil ba kamar sauran ba ne. Domin a sami wurin cusa bidiyon fiye da awa ɗaya, an rage bayanan gyaran kuskure, kowane yanki na faifan ya ɗauki bayit 2,324 maimakon 2,048. Windows ta san wannan dabara, tana barin a kwafe fayil ɗin. Linux kuwa, idan aka ce ta kwafa kai tsaye, takan tsaya ta ce an samu kuskuren karatu, sai an bi ta manhaja irin VLC ko vcdxrip. Wannan ragin ne kuma ya sa ɗan ƙarzanewa kaɗan ke sa fuskar amarya ta farfashe zuwa murabba'ai a allo.

Da DVD ya zo a 1996 da girman gigabayit 4.7, sai ya zo da sabon tsari mai suna UDF. Faifan DVD na kallo yana amfani da UDF 1.02, kuma yawanci ana haɗa masa da ISO 9660 domin tsofaffin na'urori. A cikinsa akwai jakar VIDEO_TS, inda aka yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, fayilolin VOB, kowanne bai wuce gigabayit 1 ba. Fayilolin IFO su ne ke faɗa wa na'ura yadda za ta jera su, BUP kuma kwafinsu ne na ko-ta-kwana. Mai turin da ya kwafi VOB ɗaya ya bar sauran, rabin biki ya ba mai faifai.

Rikicin ya fi yawa ne saboda UDF hawa-hawa ne. Bayan 1.02 an yi 1.50, 2.00, 2.01, sai 2.50 a 2003. Windows XP, wadda ta daɗe a shagunan buga takardu, tana tsayawa ne a 2.01. Kyamarorin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da su a 2006 suna rubuta faifansu da 2.50, don haka XP ba ta ganin komai, alhali Windows Vista da Windows 7 suna buɗe shi nan take. Linux ta fara karanta 2.50 a 2008. Akwai kuma na'urorin ɗauka da ke rubutu da tsarin DVD-VR, masu ajiye bidiyo a fayil VR_MOVIE.VRO cikin jakar DVD_RTAV. Kwamfuta na iya ganin fayil ɗin, amma na'urorin kallo da yawa ba su san shi ba.

Sai babbar matsala: faifan da ba a rufe ba. Kyamarorin da ke ɗauka kai tsaye a ƙaramin faifai mai santimita 8, wanda ke cin kusan minti 30, ba sa rubuta cikakken jerin fayiloli sai an ba su umarnin rufewa a ƙarshe. Mai ɗauka yana sauri, ga wani biki na jiransa, ga batir ya yi ƙasa, sai ya zare faifan haka nan. Kyamarar da ta rubuta shi tana iya nuna shi, kwamfuta kuwa sai ta ɗauka sabo ne fil, har ta tambaya ko a shirya shi domin rubutu. Amsa wannan tambaya da "to" kan faifan DVD-RW yana iya shafe bikin gaba ɗaya. Mafita ita ce a mayar da shi cikin kyamarar da ta ɗauka, ko irinta, a rufe shi. In ba a same ta ba, manhaja irin IsoBuster tana iya tono bidiyon daga gangar faifan.

Wani lokaci kuma faifan ya buɗu, fayiloli sun fito, amma bidiyo ya ƙi tashi. Wannan ba laifin tsarin fayil ba ne. Tun daga Windows 8 a 2012 Microsoft ta cire manhajar kallon DVD daga cikin kayanta. VLC, wadda kyauta ce, tana toshe wannan giɓi.

Ko an yi nasarar kwafa, da sauran shinge ɗaya. Memori mai gigabayit 32 zuwa ƙasa yawanci yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. Cikakken DVD da aka dunƙule wuri guda ba zai shiga ba, sai an mayar da shi MP4 ko an sa shi a memori mai tsarin exFAT.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta masu gyaran kwamfuta shi ne abin da ke cikin fayafayan. A yankin da rashin tsaro ya raba iyalai da ƙauyukansu, wani faifan shi kaɗai ya rage mai ɗauke da muryar kaka, ko fasalin gidan da aka baro. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, abin da ke hannu kawai aka iya kallo. Ga shi faifan da aka buga a shago ba ya jure zafi da rana, domin rubutun yana kan wani siririn rini ne da ke dusashewa, sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma sun daina zuwa da ma'ajin faifai.

Aikin ceton bai fi ƙarfin gari ba. Ma'ajin faifai na waje mai igiyar USB, kwamfuta mai Windows 7 ko sama da haka, da Linux a kan filas domin manhajar ddrescue mai lallaɓa faifan da ya ƙarzane, sun wadatar. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, za su iya koya wa masu turi na Shinkafi da Zurmi wannan aiki. Mai faifai kuma ya nemi a kwafa masa jakar gaba ɗaya, a ajiye a wuri biyu, sannan ya karɓi faifansa ya koma da shi gida.