Bindigar ɗuri a Amurka: abin da ke sa harsashi ya ƙi bin saiti

Duk wanda ya zauna a lakwal ya san cewa kalmar sabot a Faransanci tana nufin takalmin katako, ko kuwa kofaton dabba. A wajen maharban Amurka kuwa, sunan wani ɗan ƙoƙon roba ne da ake sanya harsashi a cikinsa kafin a tura shi ta bakin bindiga. Mu kira shi takalmin harsashi. Bindigar da muke magana a kanta ƴar uwar bindigar toka ce da maharbanmu suka sani, ana zuba albarushi ta baki, a bi shi da harsashi, a danna da sanda. Bambancin shi ne tasu tana da tsaga a cikin bututu wadda ke murɗe kamar igiya, ita ce ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe zuwa inda aka auna.

Matsalar tsohuwa ce. In harsashi ya cika bututu, ɗura shi wahala. In ya yi sako-sako, ba ya kama tsagar, iskar albarushi ta zurare ta gefensa. A 1826 wani hafsan sojan Faransa, Delvigne, ya ce a sa ƙaramin harsashin darma sannan a doke shi da sanda har ya baje. Daga baya Pontcharra ya ƙara wani ɗan takalmin katako a ƙarƙashinsa, amma katakon yakan fashe. Sai a 1849 kaftin Minié ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga a sauƙaƙe, in wuta ta tashi gindin ya buɗe ya kama tsagar. Da irinsa aka yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

Bindigar ɗuri ta daɗe da barin fagen yaƙi, amma jihohin Amurka da dama sun keɓe mata lokacin farautar barewa nata na kanta. A 1985 wani maƙerin bindiga, Tony Knight, ya fito da samfurin MK-85, kuma a cikin waɗannan shekaru ne takalmin roba ya bazu. Yawancin bindigogin faɗin bututunsu milimetir 12,7 ne, harsashin da ake sawa a takalmin kuwa milimetir 11,5 ko 10,9. Roba ce ke cike ratar, ta kama tsaga, ta juya harsashi, in sun fita baki kunnuwanta su buɗe ta faɗi, harsashi ya wuce shi kaɗai.

To, ina ɓarnar take? Da farko, masana'antun ba su da ma'auni guda. Bindigogi biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta da kashi ɗaya cikin goma na milimetir, ko fiye. Ido ba ya ganin wannan, amma hannun mai ɗuri yana jin sa. Takalmin da ya dace shi ne wanda sai an sa ƙarfi sosai, a hankali ba tare da duka ba, kafin ya sauka kan albarushi. Wanda ke zamewa da yatsa biyu ya yi kaɗan, wanda sai an buga sanda da itace ya yi yawa, kuma dukan yana lotsa kan harsashi. Shi ya sa ake sayar da takalma masu kauri dabam-dabam don harsashi iri ɗaya. Maharbi da yawa ya sake madubin saiti, ya zargi maƙeri, alhali maganin yana cikin ƙunshin roba mai araha.

Masu gwaninta ba sa gardama da baki, sukan taka ƴan metoci gaban inda suka yi harbi su tsinto takalman da suka faɗi, domin kowanne yana ɗauke da labarinsa. In kunnuwan sun buɗe daidai, gindin yana nan lafiya, shatar tsaga ta fito sarai a jikinsa, to ba laifinsa ba ne. In shatar ta goge kamar an kankare ta, takalmin ya zame bai kama ba. In gindin ya huje ko ya yage gefe guda, wuta ta fi ƙarfinsa, kuma a nan harsashi kan tafi inda ya ga dama, wani lokaci ma ya kauce wa allon gwajin ɗungum. Dalilin wannan sau da yawa zari ne: bindigar da za ta yi kyau da kimanin gram 6 da rabi na albarushi sai a cika mata kusan gram 10, don kawai takardar masana'anta ta ce tana iya ɗauka. Iya ɗauka dabam, bin saiti dabam.

Sai zafi. Roba tana laushi in bututu ya ɗumama, don haka harbi na farko da na biyu su faɗa wuri ɗaya, na uku ya yi nasa waje. A lokacin zafi sukan dakata minti goma ko fiye tsakanin harbi da harbi, bindiga tana inuwa. Da a ce a Tawa ake wannan gwaji cikin watan Afrilu, da an ga haƙuri.

Akwai kuma murɗin tsagar. Dogon harsashi yana bukatar juyi mai sauri, zagaye ɗaya a cikin kimanin santimetir 71. Tsofaffin bindigogin da aka ƙera don dunƙulen darma sai sun wuce metir ɗaya da rabi kafin su cika zagaye, kuma in aka sa musu dogon harsashi sai ya riƙa tuntsurawa a iska, ya bar doguwar ɓula a allo maimakon zagayayya. Wannan ba wani takalmi da zai gyara shi.

Abin da ya fi kuskuren saiti muni shi ne rata tsakanin albarushi da harsashi. Dauɗar wuta tana taruwa a ƙasan bututu, musamman da wasu albarusan zamani irin su Triple Seven, har ta yi zobe mai tauri. Mai ɗuri ya danna, ya ji an tsaya, ya ɗauka ya kai, alhali harsashi yana kan zoben ne. Haka takalmi mai sako-sako yakan zame gaba in an yini ana yawo da bindiga bakinta a ƙasa. Harbi a wannan hali yana kumbura bututu, yana iya fasa shi a hannun mai shi. Rigakafin ba shi da tsada: a goge ciki da ɗan tsumma mai danshi sannan busasshe bayan kowane harbi, kuma a yi wa sandar ɗuri shaida daidai baki sa'ad da ɗuri ya zauna yadda ya kamata. Duk ranar da shaidar ta tsaya a sama, ba a taɓa kunama.

Wannan hatsari na ƙarshe ya shafi namu maharban. Bindigar toka ta daɗe a ƙasar nan, tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi da ƙera igwa a birnin. Bututunta sumul yake ba tsaga, saboda haka takalmin roba ba shi da abin da zai kama a cikinta, amma rata da dauɗa da ɗuri biyu a kan juna suna fasa ta kamar yadda suke fasa ta Amurka. Haka kuma albarushin harsasan zamani, wanda ba ya hayaƙi, ƙarfinsa ya wuce abin da bindigar ɗuri ta yau da kullum za ta iya jurewa.

A Amurkar ma ba kowa ya yarda da takalmin ba. Jihar Kolorado ta hana amfani da shi a lokacin farautar bindigar ɗuri, don haka maharbanta suna harba harsashi mai cika bututu, da yawansu masu buɗaɗɗen gindi irin dabarar Minié.